Ja da Baya ga Rago: Fasaha da Falsafar Taici a Ma'aunin Kokawar Fadamar Haɗeja

Tsakure

Taici wasan jiki ne na ƙasar Sin wanda ya faro a matsayin dabarar faɗa, daga baya ya zama abin da tsoho da tsohuwa suke yi da sassafe a filin unguwa. Wannan takarda ta dubi fasaharsa da tunanin da aka gina shi a kai, sannan ta auna su da kokawa da langa kamar yadda ake yin su a ƙauyukan Kirikasamma da sauran fadamar Haɗeja. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ilimin da Sinawa suka rubuta game da tsayuwa da sassauci da karanta abokin karawa, ɗan kokawarmu ya san shi da jikinsa. Inda suka yi mana nisa shi ne sun samo wa ilimin hanyar da zai raka mutum har tsufa, namu kuwa yana kwanciya ranar da mai shi ya kwance walki.

1.0 Gabatarwa



Ina yaro, a wata kaka, na ga kokawa a wani ƙauye da ke yankin Madaci wadda har yau ba ta fita raina ba. Baƙon ɗan kokawa ne, ƙato, ya kayar da samari biyu a jere, makaɗa suna ta zuga shi. Sai wani magidanci ɗan siriri, wanda furfura ta fara taɓa shi, ya shigo fage. Suka kama, aka daɗe ba wanda ya motsa. Can ƙaton ya tattara ƙarfinsa ya turo. Magidancin bai tare shi ba. Ya ɗan janye ƙafar dama, ya juya ƙugu, ya bar masa hanya. Sai ga ƙato a ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Abin da manya suka faɗa a wurin magana guda ce: ƙarfinsa ya kayar da shi.

Bayan shekaru masu yawa na ga taici a bidiyon waya. Da farko na ɗauka rawa ce ta marasa lafiya. Sai da na daina kallon hannuwa na koma kallon ƙafafu da ƙugu, na gane motsin nan na magidancin ne, an dai rage masa gudu har ido yana iya bin sa daki-daki. Daga wannan wurin takardar ta samo asali.

2.0 Asalin Taici a Taƙaice

Cikakken sunansa da Sinanci taijiquan. Gaɓar ƙarshe tana nufin dunƙulen hannu, wato faɗa ke nan. Taiji kuma tsohuwar kalmar falsafa ce da ke nufin tushe mafi ɗaukaka wanda kishiyoyi biyu, yin da yang, suke fitowa daga gare shi: duhu da haske, sanyi da zafi, taushi da tauri.

Akwai hikayar da take danganta wasan ga wani mai zaman kaɗaici a dutsen Wudang, Zhang Sanfeng, wai ya ga faɗan maciji da tsuntsu ya ɗauki darasi. Masana tarihi, musamman Tang Hao a shekarun 1930, sun bi sawun abin zuwa ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, wurin Chen Wangting, tsohon jami'in soja na ƙarshen daular Ming, wadda ta faɗi a 1644. A cikin zuri'ar Chen aka riƙe shi kamar yadda ake riƙe sana'ar gado, har Yang Luchan (1799 zuwa 1872) ya koya ya kai shi birnin Beijin. Jikansa Yang Chengfu (1883 zuwa 1936) shi ya daidaita motsin ya zama mai faɗi, mai tafiya a hankali, irin wanda duniya ta fi sani yau. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsamo motsi 24 ta haɗa su jeri guda domin talaka ya iya koya cikin ɗan lokaci. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa taici cikin jerin al'adun gado na 'yan'adam.

A lura da wannan tafiya: daga sojan da ya ajiye aiki, zuwa gidan gado, zuwa birnin Beijin, zuwa makaranta da filin unguwa. A kowane zango an rage kaifin faɗa, ba a zubar da ilimin da ke cikinsa ba.

3.0 Fasahar Motsi

Kyan taici yana cikin rashin yankewa. Mai yi ba ya gama motsi ya tsaya sannan ya fara wani. Ƙarshen wannan shi ne farkon wancan, kamar yadda mai kaɗi take jan zare daga auduga: in ta fizga ya tsinke, in ta saki ya cukurkuɗe. Sinawa kansu da jan zaren siliki suke misalta shi. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake, kai a miƙe kamar na mai ɗauke da tulu ba gammo. Nauyin jiki ba ya rabuwa daidai tsakanin ƙafafu biyu. Kullum ɗaya cike take, ɗaya fanko, ana ta zuba nauyin daga wannan zuwa waccan. Numfashi yana sauka can ƙasan cibiya, ƙugu ne yake jan ragama, hannu bi kawai yake yi.

Sunayen motsin ma adabi ne. Akwai wanda ake kira farin gauraka ya buɗe fikafikai, akwai raba gezar dokin daji, akwai hannuwan gajimare, akwai zakaran zinariya a kan ƙafa ɗaya. Sunan yana yi wa ɗalibi aiki biyu: yana taimaka masa ya haddace jerin, yana kuma gaya masa halin da jikinsa zai ɗauka. Wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Baturiya da hantsi ya ga zalɓe a ƙafa ɗaya cikin ruwa, bai motsa ba amma duk jikinsa a shirye yake, ba ya buƙatar a fassara masa abin da waɗannan sunaye suke nufi.

Sai kuma wasan mutum biyu da suke kira tuishou, wato turin hannu. Mutum biyu su haɗa damatsa, suna turawa suna karɓa, kowa yana neman inda ɗan'uwansa ya sandare ko ya zarce. Ƙwarewar da ake nema a nan suna kiran ta sauraron ƙarfi: fata ta ji niyyar abokin karawa kafin ido ya gan ta. Wannan ne ɓangaren taici da ya fi kusa da mu.

4.0 Ruwa a Littafi da Ruwa a Fadama

Falsafar taici ta sha daga tafarkin Dao, wanda babban littafinsa, Daodejing, ake danganta shi ga Laozi. A cikin wannan tunani ruwa ne babban abin koyi, domin yana bin gangare, ba ya jayayya da abin da ya tare shi, amma a ƙarshe shi yake cin dutse. Daga nan aka samo ƙa'idar wasan: kada ka tari ƙarfi da ƙarfi, kada kuma ka rabu da abokin karawa. In ya turo ka karɓa ka karkatar, in ya ja ka bi shi, har ya kai inda ƙafarsa ba ta iya ɗaukar sa.

Mutumin Kirikasamma bai karanta Laozi ba, amma a makarantar ruwa ya tashi. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano yana biyo Kogin Haɗeja ya malale fadama a ƙarshen damina. Manomi ba ya faɗa da shi. Ya shuka shinkafar da za ta tashi tare da ruwan. In ruwa ya fara ja, masunci ya samu rabonsa, manomi ya bi danshi da shuka, in ƙasa ta bushe Bafulatani ya shigo da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa ya san lokacin shigarsa da lokacin ja da bayansa. Wannan wadata ce ta sa aka sa Tafkin Nguru da Mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya ta bi baya a 2008. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, numfashin nan na kogi, cika da ja, ya sauya. Inda ruwa ya daina janyewa ciyawar kacalla ta kafu ta toshe hanyoyi, wani wuri ya nutse shekara guda cur, wani ya bushe. Mutanenmu sun gani da idonsu cewa lafiyar ƙasa tana cikin cika da ragewa, ba cikin cika kaɗai ba. Sinawa da suka ce yin da yang, abin da suke nufi ke nan.

Sai dai ina da gyara guda ga masu rubutu a kan taici, musamman na ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda suke kwatanta ruwa kamar abin lallashi kawai. Wanda ya kwana a kan jinga a ambaliyar 2022 yana cika buhu da ƙasa ya san taushin ruwa ba tausayi ba ne. Ruwa yana sassautawa ne har ya sami ɓaraka, in ya samu kuma ba ya bari. Haka taici yake a asalinsa, haka kokawa take. Sassaucin dabara ce ta mai niyyar kayarwa. Bahaushe ya riga ya faɗa: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Jikin mutumin fadama ma ya koyi wannan darasi. Masuncin da ya kwanta a kan gora yana riƙe da koma, in ya sandare gorar za ta juye da shi, sai ya saki jiki ya bar ƙugu yana gyara masa zama. Mai tura kwalekwale da doguwar sanda a tsaye yake a kan abin da ba ya tsayawa. Matan da suke lugude suna jefa taɓarya su tafa su cafe, ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, shi ya sa ba sa gajiya da wuri. Ba wanda ya kira waɗannan fasaha, amma su ne.

5.0 Abin da Ɗan Kokawa Ya Sani

Za a iya tambaya me ya sa ban ɗauki dambe ba, tun da sunan taici kansa yana ɗauke da dunƙule. Dalili shi ne dambe wasan tazara ne: hannu ɗaya mashi, ɗaya garkuwa, ana auna juna da ido, ana neman kisa da bugu guda. Kokawa kuwa wasan haɗuwar jiki ce, kuma a nan sauraro yake.

Duk wanda ya kalli manyan 'yan kokawa ya san wannan dogon shirun da ake yi bayan an kama. Ɗan kallo yana ganin ba abin da ake yi, har ya fara ƙorafi. Alhali a lokacin ne ake kokawar. Kowa ya sunkuya, ya buɗe ƙafa, ya sauke nauyinsa ƙasa, goshi a kafaɗar ɗan'uwa. Yana ɗan turawa ya ji amsa, ya ɗan ja ya ji amsa. Yana neman ƙafar da nauyi yake kanta, domin taɗiya ba ta cin ƙafar da take fanko, kuma ba a cicciɓar mutum sai an raba shi da tushensa. Yana sauraron numfashi, domin a daidai lokacin da abokin karawa ya ja iska yake da rauni. Wanda ya fara ƙosawa, ko kiɗa ya ɗebe shi, shi yake bayar da kansa. Ƙafa cike da ƙafa fanko, kafa tushe, sauraron ƙarfi, aron ƙarfin abokin karawa: duk abin da aka jera a littattafan taici yana cikin wannan shiru.

Makarantar farko ta wannan ilimi ita ce langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya tsaya a ɗaya, ana ture shi yana turewa. Ba a daɗe ba zai gane cewa wanda ya taho da gudu ya fi sauƙin faɗuwa, gocewa kaɗan ta ishe shi. Zakaran da Sinawa suke tsayarwa a ƙafa ɗaya, yaranmu suna yin sa a dandali da farin wata.

Ta fuskar ɗabi'a kuma, Anthony Kirk-Greene a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa ya lissafa halaye goma, cikinsu akwai haƙuri da hankali da kunya da ladabi. Fagen kokawa wuri ne da ake jarraba waɗannan a gaban jama'a. Haƙuri shi ne jiran ɓaraka. Hankali shi ne gane ta. Ladabi shi ne wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar, wanda aka kayar kuma ya karkaɗe jiki ya fita ba tare da ya ɗauki gaba ba. A ganina wannan falsafa ce cikakkiya, illa dai a karin magana da kirari da tsokar jiki aka ajiye ta, ba a takarda ba.

6.0 Inda Hanya Ta Rabu

Kada kamancin ya rufe mana ido. Taici shiru ne, kokawa amo ce. Mai taici yana neman ya manta da kansa, ɗan kokawa yana shiga fage da kirari, makaɗi yana kaɗa takensa, yana ambaton garinsu da waɗanda ya kayar. Ban ɗauki wannan a matsayin naƙasa ba. Fasahar taici ta mutum ɗaya ce da numfashinsa, ta kokawa kuwa ta gari ce gaba ɗaya: kiɗa da waƙa da rawa da ado da guɗar mata duk suna cikinta. Gwanin gaske shi ne wanda ya iya riƙe natsuwar ciki a tsakiyar wannan hayaniya, kuma wannan ya fi yin natsuwa a lambu wuya.

Babban bambancin a wani wuri yake. Sinawa sun ciro motsin faɗa daga faɗa, suka jera shi, suka sa masa suna, suka rage masa gudu, har mutum ɗaya zai iya yi ba abokin karawa, ba rauni, ba kunyar faɗuwa. Saboda haka ɗan shekara 80 yana yi, mace tana yi. Likitoci ma sun shigo: binciken da Steven Wolf da abokan aikinsa suka buga a 1996, kan tsofaffi 200 masu shekara 70 zuwa sama a birnin Atlanta na Amurka, ya nuna taici ya rage haɗarin yawan faɗuwa da kusan rabi. Mu kuwa kokawarmu ta samari ce. Da mutum ya yi iyali, gwiwa ta fara ciwo, sai ya koma gefen fage. Ilimin da ya tara shekara ashirin ba shi da jerin da zai zuba shi a ciki, ba shi da sunayen da aka daidaita, ba shi da littafi. In ya yi sa'a wani yaro ya tsinci kaɗan da ido. In ya rasu an binne laburare.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wani yunƙuri. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kokawa ta zama wasan ƙasa, aka gina mata filaye a manyan biranen jihohi. Wannan ya raya gasa, ya ɗaukaka 'yan wasa. Amma gasa tana kula da wanda yake kan ganiyarsa ne, tsoho ba ruwanta da shi.

7.0 Batun Addini

Na san tambayar da take ran wasu. Taici yana tafe da aƙidun da ba namu ba, kamar maganar qi, wani ƙarfi da suke cewa yana zagaya jiki, da wasu al'adun tafarkin Dao. Musulmi ba ya buƙatar ɗaukar ko ɗaya daga ciki kafin ya gane cewa lanƙwasa gwiwa yana ƙara tsayuwa. Kokawarmu ma ta zo da nata kayan, layu da guraye da kambuna, kuma wanda ya ajiye su bai rasa taɗiyarsa ba. Asalin wasan kuwa yana da madogara: Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hadisin da ya mayar da ma'aunin ƙarfi daga kayar da mutane zuwa mallakar kai lokacin fushi. Wanda yake neman tushen falsafar natsuwa ga wasan jikinmu, ga shi a gida.

8.0 Kira

Ba ina kiran a kawo taici Kirikasamma ba ne, ko da yake wanda ya koya bai yi asara ba. Abin da nake so mu ara shi ne aikin da Sinawa suka yi wa nasu. Hukumar UNESCO ta karɓi kokawar mai ta Kirkpinar a Turkiyya a 2010, wasan sanda na tahtib na Masar a 2016, kokawar Koriya a 2018. Daga ƙasar Hausa ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. Kokawa ba ta gaza waɗannan tsufa ko zurfi ba, rubutu da tsari ta rasa.

Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, cikin Masarautar Haɗeja. Jami'ar Tarayya tana Dutse. Ina roƙon sassan Hausa da na ilimin motsa jiki su haɗa hannu da Masarautar Haɗeja, ta hannun hakimai da dagatai na ƙananan hukumominta takwas, a nemo tsofaffin 'yan kokawa na Hausawa da Mangawa da Badawa. A zaunar da su, a ɗauke su a bidiyo suna nuna kowane kamu a hankali, a rubuta sunan da kowane gari yake kiran sa da shi, da karin maganar da take tafiya da shi. Daga nan malaman motsa jiki su tsamo jeri gajere, mai sauƙi, da sunayen tsuntsaye da kifaye da sana'o'in fadama, wanda ɗan firamare zai yi da safe, dattijo ya yi a zaure, uwargida ta yi a tsakar gida.

Magidancin da na ba da labarinsa a farko, na koma neman sa bayan na fara wannan nazari, aka ce mini ya rasu. Sa'o'insa da suka rage ba su da yawa. Malamaina, kakar bana ce ya kamata a fara.